Yardar Baba Da-Saura

Duk wanda ya taɓa kai aiki shagon kafintan da ke bayan tashar mota ya san dalilin da ya sa ake ce masa Da-Saura. Ka ba shi aikin kujera, ka dawo ranar da ya sa maka, ka tarar da ita tsaye a kan ƙafafunta huɗu tana sheƙi, ka miƙa hannu za ka ɗauka, sai ya dafe ta ya ce, “Da saura.” Ka duba sama ka duba ƙasa ba ka ga sauran komai ba. Shi kuwa ya gani. Ko wata ƙusa ce kanta bai nutse ba, ko wani gefe ne da yatsa ke jin kaushinsa ido bai gani. Mutane sun yi fushi har sun gaji, wasu sun rantse ba su ba shagonsa, amma sukan dawo da ƙafarsu, domin kujerarsa takan ga jikokin mai ita.

A hannun kawunsa ya koyi sana'ar, wani tsoho mai zafin rai da yake cewa aikin da bai ƙare ba tsiraici ne, ba a nuna wa mutane. Wannan magana ta shiga jinin Da-Saura. Duk abin da yake kan yi, in ya ji takun mutum sai ya ja tsohon zane ya rufe. Matarsa, wadda ta fi kowa shan wahalar wannan hali, takan ba da labari tana dariya cewa gadon aurensu ma sai da ta yaye 'yar fari aka ƙarasa shi. In ta tsokane shi haka sai ya ce, “Sannu ba ta hana zuwa.” Ita kuma ba ta taɓa barin maganar a nan ba, sai ta ƙarasa masa: “Sai dai a daɗe ba a je ba, Malam.”

Allah ya ba su 'ya'ya mata, duk suka yi aure suka watse, sannan a ƙarshe ya ba su namiji guda, wanda kowa ke kira Auta har bayan ya fito da gemu. A cikin dusar katako Auta ya yi rarrafe. Uban ya so ya gaje shi, amma yaron kansa na ja a makaranta, har ya samu gurbin karatu a ƙetare, inda ya koyi gyaran na'urorin asibiti, aka kuma riƙe shi aiki a can. Da-Saura bai hana ba. Shi da kansa ya ƙera masa akwatin tafiya, kuma ba don an tsaya a kansa ba da jirgin ya tashi akwatin na shago ana goge masa murfi.

Wata rana da la'asar Auta ya kira waya. Uwar ta buɗe muryar yadda kowa zai ji, kamar yadda ta saba. Bayan gaisuwa sai yaron ya yi ta kewaye-kewaye, daga bisani ya fito fili ya ce ya samu matar aure. Ma'aikaciyar jinya ce a asibitin da yake aiki, 'yar can ƙasar, Sifaniyanci ne yarenta. Ya ce, “Baba, ga ta nan kusa da ni, tana so ta gaishe ka.”

Da-Saura ya ji kamar an zare masa benci yana zaune. A ransa ya daɗe da tsara yadda Auta zai dawo, da ɗakin da za a gyara masa, har katakon gadon ya ware ya jingine a lungun shago. Yanzu ga wata da bai san iyayenta ba, wadda ba za ta iya ce wa uwar mijinta sannu ba, za ta dasa masa ɗa a ƙasar da ko a mafarki bai taɓa takawa ba. Ya karɓi wayar daga hannun matarsa ya ce, “Ban yarda ba.” Ya kashe.

Magana zarar bunu ce. Aka ɗaura aure babu shi, domin uwar ta sa albarka, kuma Auta jinin ubansa ne wajen taurin kai. Shekaru suka yi ta wucewa uba da ɗa ba wanda ya ji muryar wani a kunnensa. In wayar ta yi ƙara, Da-Saura sai ya zura takalmi ya fita. Gaskiyar da duk gidan suka sani suka yi shiru ita ce, ba ya nisa. Bayan tagar ɗakin yake tsayawa da guduma a hannu, wai yana duba inda ta saki. Babu tagar da ta sha gyara a unguwar nan kamar wannan, kuma ba a taɓa jin ƙarar gudumar ba sai an ajiye waya.

Abin da ya karya shi ɗan bidiyo ne da Auta ya turo wa uwarsa. Wata 'yar yarinya ce mai kumatu, jikarsu, tana tsaye a gaban teburin cin abinci tana bin gefensa da ɗan yatsa, ta ɓata fuska ta faɗi wata magana. Aka ji muryar Auta yana dariya yana fassarawa, wai ta ce teburin nan bai yi sumul ba. Matar Da-Saura ta yi dariya har da hawaye, ta tura masa wayar gaban hanci ta ce, “Ga magajiyarka nan, ka gani da idonka.” Ya karɓa da niyyar ya mayar, sai ya kasa. A bangon da ke bayan yarinyar ya hango hotonsa, shi Da-Saura, da fensir a bayan kunne, an sa shi a firam an rataye.

“Wannan firam ɗin kusurwarsa ba ta haɗu ba,” in ji shi, don ya rasa abin faɗa.

“Matar Auta ce ta rataye shi,” in ji matarsa. “Tun satin da suka tare. Ita ke koya wa yarinyar cewa kakanta ne.”

Ranar bai iya aiki ba. Ya zauna a kan bencin shago yana jujjuya tef ɗin awo a hannu, kunya tana cin sa. Da ya koma gida ya ce wa matarsa ya sauko, ya yarda. Ta ɗaga hannu sama ta gode wa Allah, ta miƙa masa waya nan take. Ya janye hannunsa.

“Ba haka za a yi ba. Auta ɗana ne, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Matarsa ce na kunyata. Ta zo gaishe ni na rufe mata ƙofa a fuska. Da yarenta zan faɗa mata, da bakina, ba tare da tafinta ba.”

“Malam, yanzu da furfurarka?”

“Gemu ba ya hana ilimi. Kuma kada ki kuskura Auta ya ji, sai na gama.”

Da ta ji kalmar nan ta ƙarshe gabanta ya faɗi, domin ta san mijinta.

A saman kantin magani da ke bakin titi akwai wata tsohuwar malamar makaranta da ta yi ritaya, wadda ta koyar da harsuna har muryarta ta dushe. Kowa Malama yake ce mata. Da-Saura ne ya yi mata kantocin littattafanta, kuma har yau ba ta yafe masa watannin da littattafan suka yi a kwali suna jira ba. Ya hau benen yana haki, ya zauna a bakin kujera da hula a gwiwa, ya zayyana mata komai. Ta saurare shi ta saman tabarau, sannan ta ce abin ai mai sauƙi ne. Ta rubuta masa kalma guda a takarda: consiento.

“Ma'anarta na yarda. Faɗi mu ji.”

“Kwansiyanto.”

“Ba kwano ba ne, Baba. Con, sien, to.”

Kafin shayin da ta zuba masa ya huce, ya iya ta. Malama ta tafa hannu ta ce, “Shi ke nan. Je ka kira ta.”

Da-Saura ya ƙura wa takardar ido, kamar yadda yake kallon falanki kafin ya sa zarto. Ya ce, to in yana so ya ce shi da uwar Auta sun yarda fa? Ta ce consentimos. In surukarsa ta tambaye shi tun yaushe, yana so ya ce ai tuni ya yarda? Ta ce consentí. In kuma yana so ya ce mata duk abin da suka yanke nan gaba zai yarda? Nan Malama ta yi kuskuren da ta daɗe tana cizon yatsa a kansa. Ta jawo wani littafi mai kauri daga kantar da ya ƙera, ta buɗe masa shafin da aka jera kalmar consentir gida-gida, ni da kai da shi, mu da ku da su, na yanzu da na jiya da na gobe, da na fata da na umarni da na sharaɗi. Idon Da-Saura ya yi haske. Abin ya yi masa kama da zanen kabad mai durowa da yawa, kuma shi bai taɓa miƙa wa mutum kabad da durowa ɗaya ba.

“Duk wannan kalma guda ce?”

“Guda ce. Amma ba ka bukatar...”

“To ashe da saura,” in ji shi.

Haka ya shiga. Ba ya son rubutu a takarda, ya ce tana yagewa, sai ya riƙa kwafe kowane gida a kan guntun falanki da fensirinsa na aiki, ya jera su a kan kantar da ke saman teburin shago. In ya ji takun mai kawo aiki sai ya ja zane ya rufe. In babu kowa, yana goge katako yana rerawa, hannu na tafiya baki na tafiya: consiento, consientes, consiente. Masu shagunan kusa suka ɗauka wuridi ne aka ba shi. Mai facin taya har ya roƙe shi ya sam masa, wai ya ga tun da ya fara fuskarsa ta washe.

Kalmar ba ta ba shi haɗin kai ba. Yau ya riƙe ta a consentí, gobe ya je kan “shi ya yarda” ta rikiɗe ta zama consintió. Ya hau benen Malama a fusace ya ce wannan kalma ɗanyen katako ce, kana ajiye ta a miƙe ka dawo ka tarar ta tanƙware. Malama ta ce haka masu ita suka gan ta suka kuma haƙura. Sau da yawa takan cire tabarau ta dube shi ta ce, “Baba, wallahi masu yaren ma akwai gidajen da sai su shekara ba su leƙa ba. Wadda na ba ka ranar farko ta isa.” Shi kuma ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, ba zai je gaban surukarsa ya yi ta in'ina kamar ɗan koyo ba. Har matarsa, da ba ta taɓa zama aji ba, ta haddace rabi saboda yawan ji. Tana wanke-wanke sai ka ji ta ce consentimos, ta ɗaga murya yadda zai ji daga tsakar gida, ta ƙara da cewa, “Mun yarda, Malam, mun yarda, sai a kira yara.”

Ba za a ce bai ji daɗin wannan lokaci ba. Ya ji. Yana goge kowace kalma yana hango ranar da zai yaye zane, yana jin yadda surukarsa za ta riƙe baki don mamaki, da yadda Auta zai fashe da dariyar nan tasa mai kama da ta uwarsa. Mutum ne da bai iya cewa yi haƙuri ba, bai iya rungumar ɗa ba, abin da ya iya kawai ya yi abu mai kyau ya miƙa. Wannan ce kyautar da ya fi zuba wa zuciya a duk rayuwarsa, shi ya sa ya ƙi sakin ta.

Ana cikin haka matarsa ta fara cewa Auta ya rame. Ta nuna masa hoto, ya ce hasken waya ne. Bayan ɗan lokaci ta ce yana haki in yana magana. Ya ce aiki ne ya yi masa yawa, yaro ne, jininsa da sauran zafi. Sannan wata rana ta same shi a shago, abin da ba ta cika yi ba, ta tsaya a bakin ƙofa mayafinta a karkace. Ta ce likitoci sun gano wata jijiya a zuciyar Auta da ba ta aiki daidai, za a yi masa tiyata. Auta ya ce ƙaramin abu ne, a asibitinsu ma za a yi, hannun abokan aikinsa.

“Ka kira su yau,” in ji ta. Ba ta yi wasa a muryarta ba.

Da-Saura ya dubi kantar. Falanki ɗaya ya rage masa, kuma shi ne wanda ya fi so. Malama ta ce masa da shi ake faɗin abin da mutum ya so a ce ya yi bai yi ba: ojalá hubiera consentido, da ma na yarda tun farko. A nan ban-haƙurinsa yake, duk sauran shimfiɗa ce. Amma harshensa ya ƙi hawa hubiera, kullum sai ya yi tuntuɓe a tsakiyarta.

“Kwana kaɗan ya rage mini,” ya ce. “In ya fito daga tiyata, da ita zan yi masa barka.”

Matarsa ta dube shi, ta buɗe baki za ta ƙarasa masa karin maganar nan tasu, sai ta fasa. Ta juya ta tafi.

Ana gobe za a shiga da shi, Auta ya kira da hantsi. Wannan karon Da-Saura bai fita bayan taga ba. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki, hannu ɗaya a kan dogarin ƙofar da shi ya kafa, yana jin ɗansa yana tsokanar uwarsa, wai ta daina kuka kada ta cika musu waya da ruwa. Can ƙasa-ƙasa ana jin muryar mace tana rarrashin yarinya. Matarsa ta miƙo masa wayar, idonta na roƙo. Ya matso. Ya motsa leɓe yana gwada jimlar a ɓoye, ya zo kan hubiera ya sake tuntuɓe. Sai ya girgiza kai, ya yi mata alama da hannu cewa ba yau ba. Ƙurar katako da ke maƙogwaronsa ta tona masa asiri, ya yi tari.

Tarin ya isa har cikin wayar. Sannan Auta ya ce, a hankali, “Baba ne?”

Da-Saura ya dubi matarsa maimakon wayar, ya ce, “Ki ce masa Allah ya ba shi lafiya. Allah ya sa a yi a sa'a.”

“Amin, Baba,” in ji Auta. “Na ji. Na gode.”

Ya jira ko za a ƙara wani abu. Uban ma ya tsaya. Daga nan wata ma'aikaciyar asibiti ta shigo ɗakin da aka kwantar da Auta, aka yi sallama a gurguje.

Da-Saura ya koma shago ya kwana biyu a kan kalma ɗaya kamar mai sassaƙa. A rana ta biyu da azahar ta zauna masa daram. Ya faɗe ta ya sake faɗa, babu tuntuɓe. Ya karkaɗe rigarsa, ya ɗauki falankin a hammata ya nufi gida da sauri, yana murmushi shi kaɗai a titi. Tun daga bakin layi ya ga takalma a ƙofar gidansa.

Kiran ya zo ne daga wayar Auta, amma muryar mace ce, tana kuka tana maimaita magana ɗaya. Uwar ba ta bukaci tafinta ba. Tiyata ta yi kyau, ya farka har ya sha ruwa, daga baya zuciyar ta tsaya, abokan aikinsa suka yi iya yinsu. Maƙwabta suka riƙe Da-Saura suka zaunar da shi a kan kujerar tsakar gida. Bai yi kuka ba a lokacin. Ya rungume falankin a ƙirji yana salati, wani ya so ya karɓa ya ajiye masa, ya hana.

Da la'asar wayar ta sake ƙara. Matar Auta ce, kuma an fahimci akwai abin da take tambaya, sai aka tura aka ɗauko Malama. Ta zo tana dogara sanda, ta zauna kusa da shi, ta buɗe muryar wayar. Ta saurara, tana amsawa a taƙaice, sannan ta cire tabarau ta share ido da gefen mayafi.

“Baba, ta ce asibiti na jiran a gaya musu inda za a kai shi. Akwai maƙabarta kusa da gidansu, abokansa sun shirya yi masa sutura da salla yadda ya kamata. Tana so a binne shi a can, don yarinyar ta tashi ta san inda ubanta yake. Amma ta ce in kun fi so a kawo shi gida, za ta kawo shi da kanta.”

Uwar ta ce cikin kuka, “Duk ƙasar Allah ce.”

Malama ta ɗaga hannu, domin matar ba ta gama ba. Ta ƙara saurara. Sannan ta juyo ga Da-Saura.

“Ta ce kafin a shiga da shi ya bar mata magana. Ya ce in ta Allah ta kasance, kada a sa shi a ƙasa sai an tambaye ka. Ya ce sun yi abu ɗaya ba da yardarka ba, ba za a yi na biyu ba.” Ta miƙa masa wayar. “Tana tambaya, ka yarda?”

Da-Saura ya karɓi wayar da hannu biyu. Yana jin numfashin surukarsa a ciki, tana jan hanci, tana jiran hukuncin mutumin da sau ɗaya ta taɓa jin ya yi magana a kanta. Duk falankan da ya jera, da na jiya da na gobe da na fata, babu wanda aka tambaye shi. Ya buɗe baki ya faɗi wadda aka ba shi ranar farko, kafin shayi ya huce.

“Consiento,” ya ce. Ya sake cewa, “Consiento, 'yata.”

Aka ji ta ja numfashi da ƙarfi. Ta yi wata tambaya cikin sauri, Malama ta amsa mata da doguwar magana, tana kallon falankin da ke cinyarsa. Ba a fassara wa kowa ba, amma kowa ya gane labarin benen da shagon ake ba ta. Kukan da ya biyo baya ya fi na farko ciwo. Da ya lafa, sai muryar ta dawo a hankali, tana taka kowace gaɓa kamar mai tsallaka ruwa a kan duwatsu, da Hausa:

“Ina wuni, Baba.”

Ta ƙara wata magana da yarenta. Malama ta ce, “Wai tun ranar nan ta farko Auta ya koya mata. Da ita ta zo gaishe ka.”

Nan ne Da-Saura ya yi kuka, irin kukan tsofaffi da ba shi da sauti sai girgizar kafaɗa. Ya so ya faɗa mata jimlar da ya kwana biyu yana sassaƙawa, yana da ita daram a bakinsa, amma wanda ya fi cancanta ya ji ta ba ya kusa da wayar. Da na sani ƙeya ce. Ya share fuska da hularsa ya amsa gaisuwar yadda ake amsawa, ko da babu gaskiya a ciki.

“Lafiya lau, 'yata. Ya haƙuri?”

Har yanzu yana buɗe shagon, ko da yake hannun ya yi sanyi kuma aikin ya ragu. Falankan suna nan a kan kanta, ba ya rufe su da zane, duk mai tambaya yakan gaya masa ko mene ne. Yana hawa benen Malama in gwiwa ta bar shi, amma ya daina bin gida-gida. Kalmomin yara yake roƙo, sunan tsuntsu da na takalmi da yadda ake cewa me kika ci yau. Ranar hutu jikarsa takan kira, ya yi ta kwaɓa mata yarenta a karkace, tana dariya tana gyara masa, uwarta na taya ta daga gefe. Bai taɓa cewa a jira ya iya ba.

Tagar nan kuwa ta saki da gaske, tana ƙara in iska ta taso, matarsa ta yi magana har ta gaji bai taɓa ta ba. In wayar ta yi ƙara yanzu shi ke riga kowa ɗauka. Sai dai muryar da ya yi shekaru yana satar ji a bayan tagar, ita ce ba ta ƙara fitowa daga ciki ba.